Yadda manhaja ta so ta cinye wushiryar Yayata

Saura wata uku bikinta Yaya ta kira ni ɗaki da daddare, ta miƙo min wayarta. "Ke 'yar jarida, duba min nan." Har yanzu ina aji uku a jami'a, amma a gidanmu tun ranar da na samu gurbin karatun aikin jarida aka naɗa min rawanin. Na karɓa na duba. Hotuna biyu ne gefe da gefe. Na hagu ita ce yadda na san ta, da wushiryarta irin ta Umma, da haƙorin gaba guda ɗaya da gefensa ya ɓantare tun tana firamare, ranar da ta faɗo daga kan keke. Na dama kuwa fuskarta ce, mayafinta ne, har ɗankunnen bai canza ba, amma bakin na wata ce daban. Haƙora goma reras, farare tas kamar sabon tayil, ba wushirya, ba ɓantara, ba komai.

Wani wurin gyaran haƙori ta gani a Instagram, ta tura musu selfi da la'asar. Kafin isha'i sun maido mata da wannan hoton, haɗe da farashin da ya kusa kuɗin kayan ɗakinta, da albishir cewa in ta biya rabi a cikin satin akwai ragi. Ba wanda ya leƙa bakinta. Ba wanda ya tambaye ta ko dasashinta na jini in ta goge baki, alhali kuwa yana yi, ni shaida ce, bayi ɗaya muke shiga.

Mai karatu, in kana cikin masu tsayawa gaban madubi suna yage leɓe suna nazarin haƙoransu, ko kina cikin masu sa hannu a baki in za a ɗauki hoto, da kai nake, da ke nake. Ban zo in kushe fasahar nan ba. Ita ce ma ta ceci Yaya daga baya, zan zo kan wannan. Abin da nake so mu fahimta shi ne manhajar da ke zana wa mutum sabon murmushi aiki biyu take iya yi. A hannun likita na gari ma'auni ce, tana taimaka masa ya taɓa haƙorinka kaɗan, tana kuma ba ka damar cewa "a'a" tun ba a kunna injin ba. A hannun ɗan kasuwa allon talla ce kawai. Kuma a fuskar waya, duka biyun kamarsu ɗaya.

Abin ba jiya ya fara ba. A 1985, a Jami'ar Zurich da ke Suwizalan, wani likitan haƙori mai suna Werner Mörmann da injiniya Marco Brandestini suka yi wa majinyacin farko aiki da na'urar da suka ƙirƙira, CEREC, wadda ke ɗaukar hoton haƙori, kwamfuta ta zana abin da za a cike shi da shi, inji ya sassaƙo shi daga dunƙulen tangaran nan take. A 1997 aka kafa kamfanin da ke yin Invisalign a Amurka, robar nan mai garai-garai da ke jera haƙora a madadin waya, wanda manhajarsa ClinCheck ke nuna yadda kowane haƙori zai matsa mataki-mataki. Sai kuma wajen 2007, wani ɗan Birazil, Christian Coachman, wanda likitan haƙori ne kuma maƙerin haƙoran tangaran, ya fito da tsarin da ya kira Digital Smile Design. Abin da ya ba ni dariya da na karanta tarihinsa, da farko a kan Keynote da PowerPoint ake yi, irin wanda muke gabatar da aikin aji da shi. Layuka kawai ake ja a kan hoton fuska.

To amma layukan ba na banza ba ne. Ga yadda aikin yake in an yi shi yadda ya kamata. Za a ɗauke ka hotuna da kyamara ta gaske, ta gaba da ta gefe, kana murmushi, kana dariya, baki a sake. Za a ɗauki bidiyo kana magana, domin leɓe ba ya tsayawa wuri ɗaya. A kan hoton sai a ja layi ta ƙwayoyin idonka biyu, a ja wani daga tsakiyar goshi zuwa haɓa, don a ga ko haƙoran sun karkata ko sun zauna daidai da fuska. A auna faɗin manyan haƙoran gaba da tsawonsu, wanda galibi ake so faɗin ya zama kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tsawon. A duba inda dasashi ya tsaya, da yadda bakin haƙoran sama ke bin lanƙwasar leɓen ƙasa. Sannan a zagaya cikin bakin da wata 'yar sikana mai kama da ƙaton buroshi, irin su iTero ko TRIOS ta kamfanin 3Shape na Denmak, ta fito da siffar haƙoranka gaba ɗaya a kwamfuta, ba sai an cusa maka kwaɓin nan mai sa amai ba. A ɗora wannan a kan hoton fuska, a haɗa da hoton ƙashi da ke nuna saiwa da abin da ido ba ya gani. Daga nan ne ake zana sabon haƙori.

Matakin da ke biye shi ne ya fi kowanne muhimmanci a wurina, kuma shi ne 'yan talla ba sa ambata. Za a buga zanen da na'urar nan mai fitar da abu da jikinsa, a yi masa mazubi na roba, a zuba wani farin ƙaro a ciki, a kifa a kan haƙoranka na asali ba tare da an kankare komai ba. Cikin 'yan mintuna ga sabon murmushin a bakinka, na wucin gadi. Ka duba madubi, ka yi magana, ka yi dariya, a ɗauke ka bidiyo ka kalla. In bai yi maka ba a ɓamɓare, ka tafi gida da haƙoranka yadda ka zo da su. Tela ma in ya san aikinsa sai ya yi awo ya sake yi kafin ya sa almakashi, alhali yadi in ya lalace Kantin Kwari na nan. Haƙori fa?

Farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, amma in ya tafi ya tafi, ba ya tofowa kamar farce ko gashi. Kuma ba shi da kauri. A fuskar haƙorin gaba, kusa da dasashi bai kai rabin milimita ba, a tsakiya yana wajen milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Ka ɗauko katinka na ATM ka dubi gefensa, kaurinsa milimita 0.76 ne. Iya jarin da kake da shi ke nan a gaban bakinka, har ƙarshen rayuwa.

Shi ya sa ya kamata ka san bambancin abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su da gangan. Akwai biniya, wato siririn ɓawon tangaran da ake mannawa a fuskar haƙori kamar farcen kanti. Akwai kuma hula, wadda ake kifa wa haƙori gaba ɗaya bayan an feƙe shi ta ko'ina kamar fensir. A wani bincike da Edelhoff da Sorensen suka wallafa a 2002, sun auna abin da ake zaftarewa daga haƙoran gaba: biniya tana cin kashi 3 zuwa 30 cikin ɗari na haƙorin da ke saman dasashi, hula kuwa kashi 63 zuwa 72. Ka sake karanta wannan. Kusan kashi biyu bisa uku na lafiyayyen haƙori ya bi ruwa. Kuma idan an yi zurfi har aka kusanci jijiya, ga tsami in an sha ruwan sanyi, wani lokaci sai an kashe jijiyar ɗungurungum. Da na sa Yaya ta tambayi waɗancan mutanen ainihin abin da za su sa mata, sai da suka yi ta kewaye-kewaye kafin suka ce hula ce, guda goma. A hoton da suka turo kuwa babu inda za ka gane haka. Hoton biniya da na hula iri ɗaya ne sak.

Irin wannan ya riga ya faru da dubban mutane a wasu wuraren. A Birtaniya har suna suka raɗa masa, "haƙoran Turkiyya", saboda matasan da ke zuwa can a yi musu aiki da araha cikin mako guda su dawo. BBC ta yi shiri na musamman a kai a 2022, inda aka nuna waɗanda suka tafi da niyyar biniya suka farka da haƙora kamar turakun awaki a ƙarƙashin huluna. Kada dai a yi wa ƙasa guda kuɗin goro, domin ɗaya daga cikin likitocin da suka fi shahara a duniya wajen koyar da a gwada a baki tukuna, a kankare kaɗan ta cikin haƙorin gwajin, ɗan Turkiyya ne, Galip Gürel, a Santambul. Dalilinsa kuma a fili yake: biniya ta fi kamawa ta daɗe in a kan inamel aka manna ta, ba a kan layin ciki mai laushi ba. A Amurka kuma, kamfanin SmileDirectClub, da ya yi suna wajen tura wa mutane robar jera haƙora ta gidan waya tare da zanen kwamfuta na yadda bakinsu zai koma, ba tare da sun zauna gaban likita ido da ido ba, ya rufe a Disambar 2023, ya bar masu tsakiyar magani a tasha. A 2024 kuma ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta fito ta gargaɗi jama'a kan masu manna biniya a TikTok da Instagram da ba su da lasisi, wasunsu kwas na 'yan kwanaki kawai suka yi. Duk wanda ke bibiyar shafukan kwalliya na nan gida ya san iskar ta iso mu. Ga masu manna wayar haƙori ta gayu, ga masu fara haƙori a shagon gyaran gashi.

Yanzu bari in sa hular karatuna. Abu na farko da aka koya mana a darasin ɗaukar hoto shi ne kyamara ba ta faɗin gaskiya tsirara. Wani bincike da aka wallafa a 2018 a mujallar JAMA Facial Plastic Surgery ya nuna cewa selfin da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari. In hanci ya kumbura haka, me kake zaton ya samu haƙoran gaba da ke ƙasansa? Shi ya sa likitocin da suka san aikin ke ja da baya su yi amfani da gilashin kyamara na musamman, su kuma auna haƙori na gaske a baki don daidaita ma'aunin kwamfutar. Zanen da aka ɗora a kan selfi, a kan karkataccen tushe aka gina shi. Ga kuma batun launi. Fuskar waya haske take fitarwa, haƙori kuwa haske yake karɓa ya mayar, wani ya ratsa shi. Farin da ya burge ka a allo, a baki yana iya zama kamar ka cusa alli. Jerin launukan haƙori na VITA da likitoci ke gwadawa da shi guda 16 ne, daga A1 zuwa D4, kuma farin nan na 'yan fim ya wuce su duka, sai da aka ƙirƙiro masa nasa jerin daban. Mu da fatarmu ke da duhu, haƙori na yau da kullum ma ya riga ya fi haske a fuskarmu. Sai ka ga mutum ya zaɓi mafi fari, ya koma kamar fitilar mota a duhu.

Sai dabarar ajiye hotuna biyu gefe da gefe, "kafin" da "bayan". Wallahi tsohuwar dabarar talla ce, ita ake yi wa man bilicin da maganin ƙiba. Da zarar an ajiye maka wata fuskar kusa da taka aka ce wannan ce gyararriya, taka ta zama mai laifi ko da ba ta yi komai ba. Yaya shekara ashirin da shida tana yawo da wushiryarta, samari na rubuta mata saƙo a kanta, angon ma ita ya fara yabawa. Dare ɗaya hoto ya sa ta fara ganin ta a matsayin rami da ke jiran ciko.

Kuma nan ne tambayar da ta fi damuna take: kyau a idon wa? Manhajojin nan suna zuwa da jerin samfuran haƙora da aka riga aka zana, a zaɓa a ɗora. A littattafan likitancin Turawa, tazara tsakanin haƙoran gaba matsala ce da ake rufewa. A wurinmu ado ce. Har akwai waɗanda a ƙasar nan ke biyan kuɗi a sassaƙa musu wushiryar ƙarya, su ma suna lalata lafiyayyen haƙori, kuskure ɗaya ne ta ɗaya gefen. Kakanninmu mata da fure da goro suke rina haƙora su yi ja, a lokacinsu shi ne gayu. Hajiya kakarmu da haƙorin Makka ta dawo, har gobe in ta yi dariya sai ya ƙyalla, kuma ba ta taɓa jin tana da abin gyara ba. Ita muka kai wa hoton da safe. Ta sa tabarau, ta nisanta wayar, ta matso da ita, sannan ta ce, "Wannan 'yar gidan wa ce?" Da aka ce mata jikarta ce, sai ta ce, "To ina bakin uwarta?" Batun halacci kuwa, malamai sun daɗe da bambanta gyaran lahani da sauya halitta don ƙawa, fagensu ne, na bar musu.

Na san wani zai ce ana ta kai wa yake ta kaya, mutane na fama da ciwon haƙori ba kuɗin cirewa, ni ina maganar tangaran. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma gyaran kamannin haƙori ba duka ne gayu ba. Akwai wanda ya faɗi a kan babur haƙoran gaba suka karye. Akwai yaran da suka taso a wuraren da ruwan sha ke da sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, irin su Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe, haƙoransu suka fito da dabbare-dabbaren ruwan ƙasa da ba buroshin da zai fitar. Wanda ya yi makarantar kwana da irin waɗannan ya san tsokanar da suke sha, ya san yadda wasu ke daina dariya a cikin mutane. Su ne suka fi kowa buƙatar aiki mai kyau, su ne kuma suka fi sauƙin faɗawa hannun mai kyakkyawan hoto. Alhali tabon in bai yi zurfi ba, sau da yawa ana iya rage shi da ɗan goge saman inamel kaɗan, ko fara haƙori a hannun likita, ko shigar da wani ƙaro cikin tabon, ba tare da an feƙe komai ba.

Mu dai ƙarshe Umma ta matsa aka je wurin wata likita mai lasisi. Ita ma da kwamfutarta da sikanarta, har ta fi waɗancan kayan aiki. Amma ba da zane ta fara ba. Ta leƙa baki, ta ɗauki hoton ƙashi, ta ce dasashi ya kumbura, sai an wanke tsatsar da ta taru an jira ya lafa, domin ba a awo a kan kumburi. Bayan sati biyu ta yi zane iri biyu, ɗaya an rufe wushirya kamar yadda Yaya ta nema, ɗaya an bar ta an gyara ɓantarar kawai. Ta sa mata na farkon a baki na gwaji. Manyan haƙoran nan biyu sai suka yi faɗi, tunda dole wani abu ya cike gurbin. Ta ce ta yi magana. Likitocin Turawa kan sa mutum ya ƙirga daga hamsin zuwa sittin da wani abu da Turanci, don su ji yadda "f" da "s" ke fita. Wannan likitar ta ce mu "f" ɗinmu da leɓe biyu muke yin ta, ba ta damu da haƙori sosai ba, don haka ta sa Yaya ta yi ta maimaita "tsintsiya", "sassafe", "shashasha". Muka yi ta dariya a ofishin mutane. Da aka kunna mata bidiyon, ta kalla sau biyu, ta yi shiru, ta ce, "Likita, cire min." Aka ɓamɓare cikin minti biyar. Abin da aka yi mata a ƙarshe, ɗan farin ƙaro aka ɗora a gefen haƙori ɗaya, ko allurar kashe zafi ba a yi ba, kuɗin bai kai kashi ɗaya bisa goma na wancan ba.

Saboda haka in ka je, ko kin je, kada kunya ta hana tambaya. Ka ce biniya ce ko hula, a faɗa maka da baki ɗaya. Ka ce milimita nawa za a cire daga kowane haƙori, tunda kwamfutar ta riga ta lissafa, a nuna maka a allo. Ka ce sai an gwada maka a baki kafin a taɓa komai, kuma ka je da wanda ya san fuskarka tun kana yaro, ba abokin da zai ce "ya yi, mutumina" don ku tafi ba. Ka tambayi ko jera haƙoran ko fara su kawai zai wadatar. Ka tambayi shekara nawa abin zai yi, domin biniya galibi shekara 10 zuwa 15 take yi, wasu su wuce, sannan a sake. In kana da ashirin da uku yau, lissafa sau nawa za ka biya kafin furfura ta gama cika kai, kuma ba damar fasawa a tsakiya tunda na asalin an riga an kankare. Ka tabbatar mai aikin yana da rajista da MDCN, hukumar da ke ba likitoci da likitocin haƙori lasisi a Najeriya. Sannan hotunan fuskarka da siffar bakinka bayanan lafiyarka ne, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa su cikin masu buƙatar kariya ta musamman, don haka in ba ka so ka wayi gari ka ga kanka a Instagram a matsayin "kafin", ka faɗa tun farko, a rubuce. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyin, ka ɗauki takalminka.

An yi biki lafiya a watan jiya. Bayan kwana goma mai hoto ya turo hotunan, ya gyara fata, ya ƙara wa lalle duhu, ya goge wata ƙawar amarya da ta shigo ta gefe. Muna cikin dubawa Yaya ta ƙwala ihu daga kan kujera. Bawan Allah ya ga rami a bakin amarya, ya yi mata alheri ya toshe shi, a hoto sama da arba'in. Ni aka sa na kira shi. Ya ce ai gyara ne, kyauta ma ya yi, bai caje mu ba. Sai da Hajiya ta karɓi wayar sannan ya yarda zai mayar.